Juwa da ciwon ɓarin kai: wa ya taɓa samun sauƙinsa?

Maman_Ikram: Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Shawara nake nema a kan abin da ya fi shekara biyu yana damuna. Ni tela ce, a gida nake ɗinki nan unguwar Zariya a Maraɗi. Ina zaune bakin keke sai in ji ɗakin ya kama juyawa da ni, ƙasa kamar tana tafiya, zuciyata na tashi. Wani lokaci minti 20 ta sake ni, wani lokaci yini guda ina kwance, ban son haske, ban son ko ƙarar cokali cikin kwano. Abin da ya ruɗe ni shi ne ba kullum kai ke ciwo ba. Tun ina budurwa nake da ciwon ɓarin kai, amma da na haifi ta ukuna ciwon kan ya ja baya, sai wannan juwa ta zauna. An auna tansiyon, lafiya lau. Gwajin palu da taifot kuwa ban san adadinsu ba, maganin ƙarin jini na sha har na gaji. Watan jiya maigidana ya kai ni Yamai wajen lokotoron jijiyoyi. Ya daɗe yana mini tambayoyi, ya duba idanuna da yadda nake tafiya, ya rubuta a takarda "migraine vestibulaire". Ya ce ciwon ɓarin kan nan ne ya koma yana taɓa abin da ke riƙe mutum tsaye. Ya rubuta mini Laroxyl na ɗigawa, in sha da dare. Yau kwana 18 ina sha, ban ga komai ba sai barci da bushewar baki, shekaranjiya ma ta kayar da ni tsakar gida ina shanya. In bari ne? Akwai wanda ya fi shi? Ga ɗinkin mutane jibge.

Alhaji_Bagalam: Wa alaikumus salam. Allah shi ba ki lahiya ɗiyata. Jini ne yai miki yawa a kai. A kira wanzami shi yi miki ƙaho a ƙeya, mu da shi munka tashi.

Majo_Tibiri: Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma, amma a yi haƙuri da ƙahon nan. Macen da ta haihu uku, aka ma taɓa ba ta maganin ƙarin jini, ba cire mata jini ya kamata ba. Maman Ikram, kwana 18 bai isa a yanke wa Laroxyl hukunci ba. Shi ba maganin tsayar da juwa nan take ba ne, na rage yawan tasowarta ne, kuma irin waɗannan sai an yi wata 2 zuwa 3 ana sha kafin a ce ya yi ko bai yi ba. Barcin da bushewar baki an san shi da su, yawanci suna raguwa bayan ƴan makonni. Ki gwada shan shi da wuri, bayan magariba, don kada barcin ya bi ki har hantsi. Kar ki yanke shi kai tsaye, kar kuma ki ƙara ɗigo da kanki. In kina da lambar lokotoron ki faɗa mishi yadda kike ji.

Bakatsiniya_22: Sannu 'yar'uwa. Ni Stugeron nake sha, kullum yana cikin jakata. Da na ji jirin zai fara sai in haɗiye ɗaya in kwanta. Kusan shekara guda ke nan, yanzu ma kullum nake sha ko babu jirin.

Farmasi_Nura: Hajiya ta Katsina, maganarki ta ƙarshe ta tsaya mini a rai. Maganin ciwon nan kashi biyu ne, mutane na haɗa su. Akwai na lokacin da abin ya taso: Tanganil da aka fi rubutawa a nan wajenmu, Stugeron da kuka fi sani can Nijeriya, da masu tsayar da amai irin Vogalène ko Primpéran. Waɗannan na kwana biyu ne ko uku, a ajiye. In mutum ya maishe su abincin kullum, ƙwaƙwalwa ba ta samun damar koyon daidaita kanta, sai jirin ya zama ɗan gida. Stugeron kuma in an daɗe ana sha babu mai lura yana iya kawo rawar hannu da nauyin jiki, musamman ga manya. Kashi na biyu su ne na kariya, waɗanda ake sha kullum ko da lafiya lau ake: Laroxyl ɗin da aka ba Maman Ikram, propranolol wanda wasu suka sani da Avlocardyl, Sibelium, Epitomax, Effexor. Kowane da wanda ya dace da shi da wanda zai cutar. Don Allah ki je a duba ki.

Bakatsiniya_22: Wallahi ban sani ba. Wani mai kemis ne ya ba ni tun farko. Zan je asibiti.

Sani_Garaji: Ni fa ina ganin ana wahalar da baiwar Allah nan ne a banza. Bara na yi irin wannan, in na juya a kan katifa ko na shiga ƙarƙashin mota sai duniya ta kife. Wani lokotoron kunne ya kwantar da ni a gado, ya juya mini kai nan, ya juya can, ya tashe ni zaune. Ko minti 10 ba a yi ba. Har yau ban sake ji ba, ko ƙwaya ɗaya ban sha ba. Ta nemi a yi mata haka.

Dalibin_Lafiya_UDDM: Yaya Sani, naka daban ne, kuma Allah ya taimake ka ka faɗa hannun wanda ya gane shi. A can cikin kunne akwai wasu ƴan ƙananan tsakuwoyi, in suka ɓalle suka shiga inda bai kamata ba, juya kai kaɗan sai juwa ta taso, amma ba ta cika kai minti ɗaya ba. Juyin da aka yi maka sunansa dabarar Epley, mayar da tsakuwoyin ake wurinsu. Na Maman Ikram daga minti 20 har yini guda, ga ƙin haske da ƙara, ga tarihin ciwon ɓarin kai. Ƙa'idar da ƙungiyar Bárány ta masana juwa da ƙungiyar masana ciwon kai ta duniya suka fitar a 2012 ta ce sai juwar ta taso aƙalla sau 5, kowace tsakanin minti 5 da awa 72, mutum yana da ciwon ɓarin kai ko ya taɓa yi, sannan aƙalla rabin tasowar na zuwa da alamunsa: ciwon kai mai bugawa, ko ƙin haske da ƙara, ko ganin walƙiya a ido. Kuma sai an tabbatar ba wata cuta ce ba. Shi ya sa lokotoron ya daɗe yana tambaya, don ciwon nan ba ya fitowa a gwajin jini, ba ya fitowa a sikana. Akwai ta uku da ke kama da su, cutar Ménière, ita kuma da toshewar kunne take zuwa, da ƙugi cikin kunne, ji yana raguwa.

Sani_Garaji: To na ji. Amma ai ba laifi a gwada mata.

Dalibin_Lafiya_UDDM: Ba laifi a duba, don mutum ɗaya na iya haɗa biyun. Mai dubawa zai gane daga yadda idonta ke rawa in an kwantar da ita.

Ummu_Sudais: Ni abin da ya fi ciwon zafi shi ne maganar mutane. Shekara 4 ina fama. Uwar mijina ta ce ƙyuya ce, wai in lokacin daka ya yi ne nake kwanciya. Wasu suka ce iska ce, aka kai ni wajen masu ruƙiyya sau uku, aka yi ta mini hayaƙi, shi kuwa hayaƙin nan shi ke ƙara tayar mini da abin, sai a ce ga shi nan aljanin ya motsa. Na yi kuka har na gode Allah. Ba ka da rauni, ba ka da zazzaɓi, ba wanda ya yarda kana ciwo. Ranar da aka faɗa mini sunan ciwon, ko magani ban fara sha ba na ji rabin nauyin ya sauka. Maman Ikram ki gode wa Allah da maigidanki ya ɗauke ki har Yamai.

Malam_Limanci: Allah ya saka miki da haƙurin da kika yi, Ummu Sudais. Ruƙiyya ta gaskiya karatun Alƙur'ani ce da addu'o'in da suka tabbata, mutum ma na iya yi wa kansa, ba ta buƙatar a turnuƙe mara lafiya da hayaƙi. Kuma ba ta hana zuwa likita. Hadisi ya inganta cewa Allah bai saukar da wata cuta ba face ya saukar da maganinta. Ba kowace juwa ce iska ba, mu ji tsoron Allah a kan matanmu.

Maman_Ikram: Na gode ƙwarai. Majo, jiya na sha bayan magariba, yau na tashi asuba ba nauyi sosai. Ummu Sudais, kin taɓo inda ke mini ƙaiƙayi, ni ma an ce mini iska. Maganar hayaƙi kuma gaskiya ce, ranar da na faɗi tsakar gida maƙwabciyata ce ta sa turaren wuta ya cika gidan.

Hajiya_Humra: A'a, kar a ɗora wa turare laifi. Shekara 15 ina haɗa turaren wuta da humra, cikinsu nake kwana nake tashi, ban taɓa juwa ba.

Ummu_Sudais: Hajiya ba a ce turarenki na sa ciwo ba. Wanda ke da ciwon ne ƙamshi mai ƙarfi ke tayar mishi. Ni har ƙaurin man mota a tasha yana yi mini.

Hajiya_Humra: To, in haka ne na fahimta. Allah ya ba ku lafiya. In mai irin wannan ta zo saye zan riƙa ba ta mai sanyi.

Majo_Tibiri: Tunda an zo nan, Maman Ikram ki samu ƙaramin kaye. Duk ranar da ta taso ki rubuta: ƙarfe nawa, ta yi minti nawa, me kika ci, ƙarfe nawa kika kwanta daren jiya, kwana nawa ya rage al'ada ta zo. Wata biyu kawai, za ki ga abin mamaki. Da yawa cikin mata gab da al'ada ne abin ke tsananta. Abubuwan da aka fi kamawa da laifi su ne rashin barci, tsallake abinci, ƙishirwa, damuwa, da yawan shayi ko Nescafé ko goro. Ku teloli kuma na san ku, in salla ta matso sai ku kwana kan keke da kofin shayi. Kayen nan shi za ki kai wa lokotoro, da shi zai san ko Laroxyl na aiki, don in da sau 8 take tasowa a wata ta koma 4, wannan nasara ce ko da ba ta ɗauke duka ba.

Dan_Kabukabu: Shayi kuma? Majo ni in ban sha na fari da na biyu ba ai kaina ne ke sarawa.

Majo_Tibiri: Wannan saran shi ne alamar jiki ya saba. Mai son ragewa a hankali zai rage, kofi ɗaya a mako, in ya yanke rana ɗaya ciwon kai zai kama shi.

Issoufou_Madarunfa: Ku yi mini haƙuri in katse ku, akwai abin da nake son kowa ya riƙe. Mahaifinmu, Allah ya jiƙan shi, ya tashi da juwa wata safiya yana amai, ya kasa tsayuwa. Muka ce irin wadda ya saba ce. Muka kai shi wani ƙaramin kilinik, aka sa mishi ruwa da allurar palu aka sallame mu. Da la'asar bakinshi ya karkace, magana ta sarƙe. Ashe shanyewar ɓarin jiki ce ta fara da juwa. Kwana 6 ya yi. Har gobe ina tunanin da mun wuce babbar likita tun da safe.

Alhaji_Bagalam: Allahu akbar. Allah shi gahwarta mishi, shi sa ya huta.

Dalibin_Lafiya_UDDM: Amin. Yaya Issoufou ka yi sadaka da wannan labari. Ko mai ciwon da aka riga aka sa wa suna, in juwa ta zo da sabon abu, kamar ganin abu biyu-biyu, sarƙewar harshe, karkacewar baki, mutuwar hannu ko ƙafa, kasa tafiya sam, kurumcewar kunne farat ɗaya, ko ciwon kai da bai taɓa jin irinsa ba, ba a jira, ba a neman Tanganil. A wuce babbar likita, CHR ko Hôpital de Référence, nan take. Balle dattijo mai tansiyon ko ciwon suga.

Rabi_Unguwarzoma: Allah ya jiƙan Baba. Maman Ikram ina da tambaya biyu, in kin fi so ki amsa mini ta gefe. Kafin abin ya taso kina ganin walƙiya ko zane-zane a ido? Kuma kina tsarin iyali? Dalilin tambayata, mace mai ciwon ɓarin kai da ke ganin irin wannan walƙiya ba a so ta sha ƙwayar tazarar haihuwa mai haɗin sinadari biyu, wadda ke da estrojin, saboda tana ƙara haɗarin toshewar jijiyar ƙwaƙwalwa. Akwai wasu hanyoyin da suka dace da ita. Sannan duk wadda ke iya ɗaukar ciki ta buɗe kunne: Dépakine na cikin magungunan da ake kare ciwon ɓarin kai da su, amma yana nakasa ɗan tayi, Epitomax ma haka. Kar kunya ta hana ki faɗa wa lokotoro kina son ƙara haihuwa ko kina shayarwa.

Maman_Ikram: Anti Rabi ba komai, ai don wasu su amfana ne. Eh, wani lokaci ina ganin kamar ƙyalli-ƙyalli a gefen ido ɗaya kafin ta fara. Na hannu aka sa mini. Lokotoron ma ya tambaye ni.

Rabi_Unguwarzoma: Madalla, na hannu ba shi da estrojin. Ki dai riƙa faɗar maganar ƙyallin duk ranar da za a canza miki.

Mushe_Laouali: Ni malamin makaranta ne a Tasawa. Nawa da allo yake zuwa, in na ɗaga kai ina rubutu na juyo wajen yara sai aji ya karkata. Laroxyl bai karɓe ni ba, na yi wata 3 na ƙara ƙiba, barci cikin aji. Aka maida ni kan propranolol. Da yake dama tansiyona na ɗan hawa, sai ya zama jifa ɗaya tsuntsu biyu. Yanzu sai in yi wata biyu ban ji ta ba. Ina ganin shi ya kamata a ba ki tun farko.

Zara_Maradawa: Mushe kar ka ce haka. Ƙanwata aka ba wa shi ba a tambaye ta ba, ashe tana da fuka. Dare ɗaya numfashi ya gagare ta, da ƙyar aka ceto ta.

Farmasi_Nura: Zara ta faɗi gaskiya. Propranolol ba na mai fuka ba ne, ba na wanda tansiyonsa ke ƙasa ko bugun zuciyarsa ke da nawa ba. Maman Ikram ta ce nata tansiyon daidai yake, wataƙila abin da lokotoro ya duba ke nan. Laroxyl ya fi dacewa da wanda barci ke ba wahala. Sibelium na sa ƙiba, kuma ba a ba mai ciwon damuwa. Epitomax na rage cin abinci, yana sa jin tsira-tsira a yatsu, yana kuma iya kawo tsakuwar ƙoda, abin lura ne ga mu da ke cikin zafin Afrilu da Mayu. Wani abu kuma da nake gani kullum a kanta: masu haɗiyar paracetamol ko ibuprofen kusan kowace rana. In ya kai kwana 15 a wata, maganin da kansa yake komawa yana haddasa ciwon kai. Masu haɗin kafeyin da su tramol kwana 10 ma ya isa. Na masu yawo da magani a tire kuwa, rana ta gasa shi, ba ka san me ke ciki ba.

Aicha_Lyon: Gaisuwa daga Faransa, ƴar Sabon Gari ce ni. Nan akwai sababbin allurai da ake yi sau ɗaya a wata, masu toshe wani sinadari da ake kira CGRP, tun 2018 aka fara amfani da su. Ciwon kai aka yi su dominsa, wasu masu juwa na cewa sun ji daɗinsu. Tsadarsu ta wuce misali, nan ɗin ma ba kowa ke samu ba. Lokotorona ta faɗa mini gaskiya, ta ce bitar da Cochrane, ƙungiyar masu tace binciken likitanci, ta yi a 2023 ta nuna binciken da aka yi a kan maganin wannan juwar kaɗan ne, yawanci aro ake daga maganin ciwon ɓarin kai, ana gwadawa har a dace. Ni abin da ya tashe ni tsaye ba ƙwaya ba ce, motsa jiki ne wajen kine, wato ma'aikaciyar lafiya mai yi wa mutum magani da motsa jiki. Da na daina fita kasuwa, na daina juya kai, ina tafiya kamar mai ɗauke da tulu. Kine ta ce wannan tsoron shi ke ƙara zaunar da ciwon. Ta sa ni in kafa ido a kan harafi ɗaya a bango ina juya kai dama da hagu a hankali, in yi tafiya ina waige, in tsaya ƙafa ɗaya gaban ɗaya kusa da bango. Makon farko abin ƙaruwa ya yi, na so in bari. Bayan wata biyu na shiga babban kanti ni kaɗai. Ina kuma shan magnesium da bitamin B2 da ta rubuta mini, shi B2 yana sa fitsari ya yi rawaya sosai, kar mutum ya tsorata.

Ummu_Sudais: Aicha, kasuwa! Ni ma babbar kasuwa ta gagare ni, mutane na giftawa ta ko'ina sai in nemi abin dafawa. A lokacin da juwar ke kai ake motsin ko bayan ta lafa?

Aicha_Lyon: Bayan ta lafa. In tana kai, ɗaki mai duhu da shiru kawai. Kuma kine ya fara nuna miki, don kowa da inda ake fara mishi.

Dan_Kabukabu: To azumi fa? Ana cewa kar a tsallake abinci.

Malam_Limanci: Aya ta 184 da ta 185 cikin Baƙara sun yi wa mara lafiya rangwame ya sha ya rama. Wanda likita amintacce ya ce azumi zai cutar da shi, ko shi da kansa ya jarraba ya gani, bai yi laifi ba.

Mushe_Laouali: Ni ina yi lafiya lau, sai dai ban wasa da sahur, ina shan ruwa da yawa tsakanin buɗa-baki da asuba, kuma na daina hirar dare. Kwana ukun farko ne masu wuya. Zara, na karɓi gyara, Allah ya ƙara wa ƙanwarki lafiya.

Alhaji_Bagalam: Ni dai har yanzu ban ga aibin ƙaho ba, amma tunda masu ilimin abin sun yi magana, ɗiyata ki bi nasu. Sannu ba ta hana zuwa.

Maman_Ikram: Salamu alaikum, na dawo bayan mako 5. Ban bar Laroxyl ba. Na kira lokotoron ya ƙara mini ɗigo kaɗan. Kayen Majo ya nuna a watan nan sau 4 ta taso, da kuwa kusan duk bayan kwana uku ne. Biyu daga ciki gab da al'ada, ɗaya ranar da na kwana ɗinkin anko. Ta huɗun ce ta ɗaure mini kai: na yi barci, na ci abinci, ba turare, ina cikin ɗinka wata atamfa mai ratsi-ratsi baƙi da fari, tana wucewa ƙarƙashin allura sai ɗakin ya juya. Bakina har yanzu yana bushewa, kuma na ƙara kilo 2.

Dalibin_Lafiya_UDDM: Alhamdu lillahi. Ta huɗun ma sananniya ce, ido ne ke tayar da ita: ratsi mai motsi, taron jama'a, jan hotuna a waya da sauri. Irin abin da Ummu Sudais ke ji a kasuwa. Ki rubuta ta ki faɗa wa kine in kin samu zuwa, akwai motsin da ake yi don ita.

Sani_Garaji: An duba maganar tsakuwar kunnen kuwa?

Maman_Ikram: Ba a duba ba tukuna Yaya Sani, sai na koma randebu wata mai zuwa. Telolin gidan nan, akwai wadda atamfa mai ratsi ke yi wa haka? Yadi 12 ne na amarya a gabana, kuma ranar Alhamis za a zo karɓa.